Ajin da Gwaggo Kuluwa Ta Rufe Ba Azara

Wata Litinin ce a bazarar 1992, ranar da malaman lakol, wato makarantar boko, suka koma aiki bayan sun shafe makonni suna yaji, muka fito da sassafe rungume da allunanmu muka tarar shanu suna cinye mana aji. Ba wasa nake yi ba. Ajin namu na kara ne da zana, an kafa shi a bakin gari kusa da burtali, ga shi a shekarar ciyawa ta ƙare tun kafin zafi ya kankama. Da shanun Arɗo Bello suka ga tarin karan gero a tsaye babu mai tsaro, sai suka ɗauka kiwo ne Allah ya kawo musu har gida. Bangon gabas ya riga ya tafi, na kudu saura rabi, wata farar saniya kuma ta cusa kai ta inda malaminmu Mushe Ali yake rataye tabulo, babban allon aji, tana jan rufin a natse, ko kallon arziki ba ta yi mana ba. Mu kuwa me za mu yi in ba ihu ba? Muka watsar da alluna muka hau tsalle da tafi, yara maza har kirari suke yi wa saniyar. Mushe Ali ya iso a kan kekensa, ya sauke ƙafa ɗaya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce kowa ya koma gida sai an neme shi. A lokacin ban taɓa jin umarnin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Murnar tawa kwana uku ta yi. Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Agiye da Gazawa, lakol ɗinmu aji ɗaya ne da malami ɗaya, kuma shekararsa biyu kacal da buɗewa. Sufeton makarantu ya aiko daga Agiye cewa malamai sun yi ƙaranci, don haka zai zo da kansa kafin hutun damina, duk garin da bai tarar da yara zaune a cikin gini na gaske ba zai ɗauke malaminsu ya kai babban garin da ke kudu da mu. Tafiyar awa biyu ce a ƙafa ta cikin daji. Baba ya yanke maganar a tsakar gida yana wanke hannu bayan tuwo: yayana Sani zai iya zuwa, amma ni Zulai ba zan ratsa wannan daji kullum ba. Shekarata tara, kuma a daidai lokacin ne haruffa suka fara haɗuwa mini su zama magana, har na addabi gidan da karanta abin da ke jikin kwalin sukari da gwangwanin tumatir. Na shige bayan rumbu na yi kuka har kaina ya yi ciwo, na kuma janye duk tafin da na yi wa farar saniyar nan.

Lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya ne, an gama babban taron ƙasa a Yamai ba da daɗewa ba, kalmar dimokuraɗiyya kuwa ta shiga bakin kowa. Mai rediyo ya zama babban mutum. A da in abu ya taso maigari ne da dattawa uku suke kashe shi, amma yanzu kowane magidanci ya ji cewa yana da baki, kuma ya rantse sai ya yi amfani da shi. Sau uku maza suka zauna a gindin tsamiya kan maganar aji. Baba Nomau, maginin garinmu wanda ya gaji sana'ar daga kakanni, ya ce bango ba abin damuwa ba ne, rufi ne matsala, domin azara daga giginya take fitowa, ma'aikatan daji kuma sun hana sara, kwano kuwa ko a mafarki. Sai a yi ta jawabi, a ɗaga hannu, a ƙirga, a sake ɗagawa saboda wani ya ɗaga biyu. A zama na uku abin da kawai aka amince a kai shi ne a sake zama.

Gwaggo Kuluwa yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama. Maginiyar tukwane ce, gajeruwa mai kaurin hannu, ba ta da yawan dariya kuma ba ta da tsoron kowa. Randunanta har kasuwar Gazawa ake nemansu, kuma ita ce take gina wa matan gari ƙananan rufewa, wato rumbun ƙasa mai tulluwar kai, inda suke ɓoye gyaɗa da wakensu. Wata rana da hantsi ina zaune kusa da ita ina buɗe kayena, littafin rubutuna na lakol, ina kumbure-kumbure, sai ta miƙo hannu duk yumɓu ta karɓe shi. Ashe bangon littafin ne ya ja hankalinta. Mushe Ali yakan samo tsofaffin mujallun Faransanci a buro, wato ofishin wani aikin raya karkara na 'yan ƙasar Holan da ke Agiye, ya yayyaga ya ba mu mu naɗe littattafai. A nawa akwai hoton wata Baturiya mai gajeren gashi da tabarau, tana tsaye a kan katakon magina da takarda naɗe a hammata, maza biyu suna sauraronta, a bayanta ga wani dogon gini mai tagogi reras. Wata uku ina yawo da matar nan ban taɓa yi mata kallo biyu ba. Gwaggo ta tashe ni a take, ta ce in je in tambayo mushe abin da aka rubuta a ƙarƙashi.

Mushe Ali ya ce labarin matan da suka fara zana gine-gine ne a ƙasar Holan, tun lokacin da can ma ake ganin aikin na maza ne, wannan kuma makarantar ƙananan yara ce ta zana. Na dawo da gudu na zayyana mata. Gwaggo ta daɗe tana kallon hoton, ta nesanta shi, ta kusanto shi, sannan ta ɗora yatsa a kan tagogin. "Dubi nan, ɗiyata," in ji ta. "Ta sa su ƙasa-ƙasa, daidai kan yaro in yana zaune. Wannan matar ta yi raino." Shekaru da yawa bayan haka, da na yi karatun zanen gini, na sami labarin irin waɗannan mata sosai: 'yan kaɗan ne, da ƙyar aka ba su wuri a cikin sana'ar, kuma da yawansu sun fi mai da hankali ga abin da manyan magina suke rainawa, wato madafa da ɗakin yara da gidan talaka, suna auna gini da jikin wanda zai zauna a ciki. Malamanmu sun yi mana dogon bayani a kan haka. Gwaggo, wadda ba ta san ko harafi ɗaya ba, ta gano shi a kallo ɗaya da hannu duk yumɓu.

Ranar zama na huɗu ta yafa mayafinta ta nufi tsamiya, ni da sauran yara muna binta a baya, don mun san yau akwai kallo. Mace ba ta zuwa wurin. Ta tuɓe takalmi daga nesa, ta durƙusa ta gaida maigari, sannan ta miƙe.

"Allah shi ba ka nasara, an ce yanzu kowa na da baki, har mata sun hito jerin gwano a Yamai bara. To ga nawa. In azara ce babu, a ba ni ƙasa da ruwa in ruhe maku ajin yadda nike ruhe ruhewa."

Baba Nomau ya yi dariya har yana tari. "Kuluwa, ɗaki hwa ba tulu ba ne. Ranar da ya hwaɗo bisa ɗiyan mutane, wa za a kama?"

"Ni za a kama," in ji ta. "Gidanmu ba ɓoyayye ba ne."

Babana ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Maigari ya duba hagu ya duba dama, bai ga mai wata shawara ba, ya ce a ɗaga hannu. Maza suka ɗaga suna dariya, yawancinsu don su ga yadda abin zai ƙare ne kawai.

Washegari aka fara, kuma ban taɓa ganin garinmu da rai kamar a waɗannan makonni ba. Ruwa ne babban aiki, don rijiyarmu gaba talatin ce. Arɗo Bello, wanda kunyar abin da shanunsa suka yi ta hana shi shiga gari, ya aiko da bijimai biyu suna jan guga tun daga asuba har rana ta take. Mata suka yi layi da tuluna, jakuna suna kawo jar ƙasa daga kududdufi, mu 'yan mata muna cuɗa ta da ƙaiƙayi da kashin jaki, mu tattake har gwiwa muna zamewa muna faɗuwa a kan juna, a bar ta kwana uku ta ruɓa. Gwaggo ta kafa turke a tsakiyar fili, ta ɗaura igiya ta zagaya da tsinke, ta fitar da da'ira mai faɗin taki goma sha biyu. Ta ce randa da ido take auna ta, amma wannan ta fi ƙarfin ido, sai Mushe Ali ya kawo dabarar a kafa dogon itace a tsakiya a riƙa jan igiyar daga kansa, don kowane zagaye ya san iyakarsa. Kullum zagaye ɗaya ko biyu take ɗorawa, ta lailaye da tafin hannu ciki da waje, ta bar wa rana sauran aikin. Da bango ya kai ƙugu ta sa aka kawo bencin lakol, ta zaunar da ni a kai ta ce in miƙe baya, ta ja layi a jikin bango daidai haɓata. Daga nan tagogi biyar suka tashi. Na yi mako guda ina gaya wa duk wanda ya tsaya cewa da ni aka auna lakol.

Sai ranar da bango ya fi ƙarfin hannu aka kawo tsani. A garinmu in namiji zai hau bango ko itace dole ya ɗaga murya ya sanar, don matan da ke cikin gidaje su shiga ɗaki ko su yafa zane. Gwaggo ta fito sanye da wandon marigayi mijinta a ƙarƙashin zane, ta kama tsani, ta cika ƙirji ta ƙwala: "Masu gida, a kimtsa, za a hau bisa!" Matan gidajen kusa suka watsar da taɓare suka ruga ɗaki bisa sabo, sai da suka shiga suka tuna muryar wa suka ji, suka fito suna riƙe da ciki don dariya. Maza ne abin ya shafa. Wani dattijo da ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsa suna nan, yana wanka a makewayinsa bai ko motsa ba, tunda a rayuwarsa ba a taɓa yin wannan kira dominsa ba. Ɗaga kan da zai yi ya yi ido huɗu da Gwaggo. Daga ranar magidantan unguwar suka koma wanka tun da duhun asuba, kuma ba wanda ya kai ƙara.

Baba Nomau kuwa kullum yana zaune a inuwar itacen bedi da carbinsa yana jiran ginin ya faɗi. Abin da ya tayar da shi bai wuce yadda muke jefa wa Gwaggo curin ƙasa ba, rabi ya kai rabi ya dawo mana a ka. Ya yi haƙuri kwana biyu, a na uku ya yi tsaki ya naɗe hannun riga ya ce mu kauce ya nuna mana sau ɗaya. Sau ɗayan nan bai ƙare ba sai da aka rufe ginin. Yana jefawa yana mita, tana cafewa tana ba shi amsa, bango yana ta rusunawa ciki a hankali, da'irar sama tana ƙanƙancewa. Ranar ƙarshe ta bar 'yar kafa a tsakiyar rufin don zafi ya riƙa fita, ta kifa mata wata tukunya da ta huhhuda. Da ta zare itacen tsakiya aka fitar da shi ta ƙofa, ginin ya tsaya shi kaɗai babu abin da ya tokare shi. Guɗa ta tashi har sai da matan ruga suka jiyo.

A nan ne kuma abin ya tsaya cak. Maza suka zagaya, suka leƙa ta taga, suka ce kai, ya yi kyau, Kuluwa ta yi ƙoƙari, amma ɗakin da ba azara ba a zuba masa 'ya'yan mutane. A bari damina ɗaya ta wuce a kansa, kafin nan a riƙa ɗaure awaki a ciki a gani. Saura kwana biyar sufeto ya zo, kuma ba awaki zai ƙirga ba. Mushe Ali ya rataye tabulo ya zauna a ciki shi kaɗai tun safe har azahar, ba yaron da aka bari ya taka ƙofar. Har Baba, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce in ya gan ni a ciki sai na yaba wa aya zaƙi. Ranar ce na fara jin haushin mahaifina, haushi na gaske, na ƙi cin tuwo, na kuma ga kamar duk wahalar tattaka ƙasar nan ta tafi a banza.

Gwaggo ba ta yi musu da kowa ba. Ta yafa mayafi ta bi gida-gida tana gayyar daɓe. Wanda bai tashi a ƙauye ba ba zai gane nauyin wannan ba. Daɓen ƙasan ɗaki aikin mata ne, kuma gayya ce da ba a ƙi, domin duk wadda ta noƙe, ranar da za a gyara ɗakin 'yarta ita kaɗai za ta durƙusa da madaɓi. Namiji kuma bai taɓa hana matarsa zuwa daɓe ba, don shi ma yana da 'ya'ya mata, ba ma a tambayarsa. Da safe aka baza tsakuwa, aka yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, mata suka taru a bakin ƙofa kowace da madaɓinta da goyonta, suna ɗaga kai suna kallon rufin suna tura juna. Gwaggo ta shige ta durƙusa a tsakiya, daidai ƙarƙashin tukunyar, ta fara bugu ita kaɗai. Inna, mahaifiyata, ita ce ta biyu. Ta kama hannuna za mu shiga, na tuna mata abin da Baba ya ce, ta ce, "Lakol ya hana ki. Wannan daɓe ne."

Wayyo, wannan rana! Mata sun fi arba'in a durƙushe kafaɗa da kafaɗa, madaɓai suna sauka tare suna tashi tare, mai ba da waƙa tana bayarwa ana amsawa, rufin kuma yana maido da sautin ninki biyu har kana ji a haƙoranka. Ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin gwiwa. In da ginin nan mai faɗuwa ne, to ranar zai faɗi. Can wajen hantsi wani ɗan ɓarɓashi ya faɗo a kan ɗankwalin wata mata, kowa ya ƙame da madaɓi a sama. Ta lalubo shi ta duba, ta ce gidan zanzaro ne, har ya riga mu tarewa. Aka fashe da dariya aka ƙara wa bugun ƙarfi. Matan ruga suka iso da ƙwaryar nono, suka ajiye suka karɓi madaɓai. Maza kuwa suna can nesa a tsaye da farko, sai ga su suna matsowa kaɗan-kaɗan. Ta taga na hango Baba Nomau ya ɗora tafin hannu a jikin bango ya rufe ido yana saurare, ya zagaya ya sake ɗorawa a wani wuri, har ya gama zagayen.

Da la'asar mata suka fito jiƙe da gumi, ƙasan ajin yana sheƙi, jarirai suna barci a bayansu. A nan ne maza suka farga cewa ba matansu kawai suka wuni a ƙarƙashin rufin ba, har da 'ya'yan da suke cewa suna karewa, kuma mafi ƙanƙanta. Inna ta tsaya gaban Baba tana gyara goyo ta ce, "Malam, auta ya wuni ciki a bayana. Ko Zulai ta hi shi rai?" Washegari ina shara Baba ya leƙo ya ce, "Ke, ba ki makara ba?"

Sufeto ya zo a kan babur ya tarar da mu reras a kan benci, haske yana shigowa ta tagogi yana sauka a kan allunanmu, ciki da sanyi alhali waje rana tana ƙuna. Ya ƙirga mu, ya ɗaga kai ya daɗe yana neman azara, sannan ya tambayi wa ya yi ginin. Maigari ya nuna Baba Nomau, tunda shi ne maginin gari. Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Ranka shi daɗe, ni miƙon ƙasa kawai na yi. Kuluwa ta gina." Sufeto ya ce a kira ta. Aka tarar tana bayan gari tana gasa tukwanen da ta yi watsi da su mako bakwai, ta aiko cewa a gaishe shi, ba ta iya barin wuta. Ya yi dariya ya rubuta abin da zai rubuta, ya hau babur ɗinsa. Aka bar mana Mushe Ali a garinmu, muka fito muna tsalle har da waɗanda ba su son karatun.

A cikin wannan ajin na gama firamare, daga nan na wuce kwaleji a Agiye, yau ina zana azuzuwa da ɗakunan shan magani a Maraɗi. Ginin ya ga damina fiye da goma, don kowace bazara mata sukan taru su sake masa yaɓe. Bayan rasuwar Gwaggo aka yi wa garin azuzuwa uku na siminti da kwano, kuma na yi murna da su, don yara sun yi yawa. Sai dai daga nan ba wanda ya ƙara kiran yaɓe, ruwa ya ci rufin tsohon ajin kaɗan-kaɗan har ya rufta. Bara da na je gida na bi ta wurin da rana tsaka, na ji kwano yana ƙara don zafi, yara suna fifita da littattafai, tagogin kuma can sama inda ba mai ganin komai sai in ya hau benci. Inda ajinmu yake ɗan tudu ne kawai. Na share yashi da ƙafa, sai ga daɓen nan a ƙasa, da ƙarfinsa, ko tsagewa bai yi ba. Na durƙusa na shafa shi, ina lissafa matan da suka buga shi, na ga waɗanda suka rage ba su cika hannu ɗaya ba. Duk tsawon shekarun nan ina ba da labarin cewa da ni aka auna lakol. Sai a wurin na tuna ban taɓa ce wa Gwaggo na gode ba.